Usman Nagogo, sarkin da ya tsufa a filin ƙwallon dawakin Katsina



Makon jiya na je duba wani ɗan ƙanwata da ke aikin kula da dawaki a wani filin polo a nan kudu. Na tarar da su wajen su bakwai a bakin barga, duk yaranmu ne. Wani na wanke doki, wani na naɗa bandeji a ƙafafun goɗiya, wani na ɗaure wutsiya kada ta kama sanda. Muka zauna shan shayi, hira ta yi hira, sai na tambaye su wane ne ya fi kowa iya wasan nan a tarihin Najeriya. Suka shiga lissafo mini 'yan Ajantina da masu kuɗi ke haya. Da na ambaci Usman Nagogo, ɗaya ya ɗauka sunan titi nake nufi. Bakatsinen cikinsu ne kaɗai ya san sarki ne, shi ma bai san ya taɓa riƙe sandar polo ba. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo gida, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni dai ba Bakatsine ba ne, a Kafanchan aka yanke mini cibiya. Garinmu kuwa ba garin doki ba ne. Ruwan sama ya yi yawa, ga kurmi, ga ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore, don haka in ba ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Jama'a ba, sai ka yi watanni ba ka ji haniniya ba. Abin da muke da shi jirgin ƙasa ne. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa: layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi a nan yake rabuwa, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Mahaifina a tashar yake aiki. Lokacin hunturu wani sa'in akan jawo tarago da dawaki a ciki, ana kai su wasa, mu yara mu ruga mu leƙa ta tsakanin katako. Ko na wane ne, mu dai sunansa a wurinmu dokin Nagogo. Ba mu san Katsina ba ta da layin dogo ba ma, sai an kai Funtuwa ko Kano. Sunan ne kawai ya riga mu zuwa, daga bakin manya da rediyon Kaduna. Kuma a lokacin jiharmu ɗaya da Katsinawa: daga 1967 har 1987 Katsina da Kafanchan gwamna ɗaya ke mulkinsu daga Kaduna.

An haifi Usman Nagogo a 1905, shekara guda kafin sarauta ta shigo gidansu. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Wato yaron ya buɗe ido ne a gidan da sarautarsa sabuwa ce, ga masu ganin ba ta dace da su ba a cikin gari, ga Bature a bariki yana sa ido. Dikko mutum ne mai karanta zamani, kuma mai son doki da sukuwa ƙwarai. A 1921 ya yi doguwar tafiyar da ta kai shi aikin hajji ta kuma kai shi Ingila, inda ya gana da Sarki George na biyar. Usman, yana ɗan shekara goma sha shida, yana cikin tawagar.

Kafin nan ƙwallon dawaki wasan hafsoshin Turawa ne a ƙasar nan. Sun fara shi a Ikko tun 1904, suka kai shi Kaduna, inda aka fara neman kofin Georgian a 1919. Baƙar fata aikinsa ya riƙe linzami, ya miƙa sanda, ya share gumin doki. Bayan dawowar Dikko daga Ingila ne aka share fili a Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da yaran gidansa a kan sirdi, ya sa suka koyi wasan. A farkon shekarun 1920 ke nan, daidai lokacin da aka buɗe kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa daga baya, inda su Sardauna suka koyi kurket da ƙwallon bango da ake kira fayis. 'Yan kwaleji suka ɗauki nasu wasan, 'yan fada suka ɗauki na doki.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda wasan yake, don na lura da yawanmu mun sha wucewa ta gefen filin ba mu san me ake yi ba. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Tsawon fili yadi 300, faɗinsa 160 in an kafa katako a gefe, ya ninka filin ƙwallon ƙafa sau da yawa. Ana buga shi zango-zango, kowane zango ana ce masa caka, minti bakwai ne da 'yan daƙiƙoƙi, kuma doki ba ya jure caka biyu a jere da gudu irin wannan, dole a sauya. Shi ya sa ɗan wasa ɗaya yake bukatar dawaki da yawa a rana guda, shi ya sa kuma yaranmu ke samun aiki. Sandar ta gora ce mai kan katako, da gefen kan ake dukan ƙwallo, ba da tsininsa ba, kuma da hannun dama kaɗai ake riƙe ta, ko da mutum bahago ne. Duk lokacin da aka ci, sai a sauya gida. Babbar dokar ita ce ta layin ƙwallo: hanyar da ƙwallo ta bi tamkar titi ce, wanda ya hau ta daidai ba a gitta masa, don in dawaki biyu suka yi karo a guje, ba alƙalin wasa za a kira ba, likita za a kira. Abin da aka yarda shi ne ka haɗa kafaɗar dokinka da ta nasa ka ture shi daga layin, ko ka maƙale masa sanda yana shirin duka.

To, ga inda maganar take. Kowane ɗan wasa ana ba shi maki gwargwadon ƙwarewarsa, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa goma. Ba yawan ƙwallon da ya ci ake dubawa ba kawai. Ana duba hawansa, da dukansa, da sanin inda zai tsaya, da yadda abokan wasansa ke amfana da shi. Mafi yawan masu buga polo a duniya ba sa wuce biyu har su daina. Masu goma 'yan ƙalilan ne, kusan duk 'yan Ajantina. Usman Nagogo ya kai bakwai. Har yau ba a samu ɗan Najeriyar da ya taka wannan matakin ba, duk da dawakin Ajantina da ake saukewa a jirgin sama da kuɗin da ake zubawa. Shi kuwa a ƙuruciyarsa dawakin ƙasa ake hawa, 'yan gajeru, masu cin harawa da dusa da kanwa, irin waɗanda ake ɗaurewa a turke a gidajen hakimai. Da su Katsinawa suka riƙa zuwa Kaduna suna karawa da hafsoshin da suka koya wa ƙasar wasan, suna komawa gida da kofuna. Ku auna abin da wannan ke nufi a zamanin da talaka ke faɗuwa ƙasa in Joji ya wuce. A cikin filin nan dai, na minti bakwai, doka ta ba ɗan Katsina dama ya ture Bature da kafaɗa.

Wasan bai hana shi aiki ba. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e na Katsina, a 1937 ya zama Magajin Gari. Da Dikko ya rasu a 1944, shi ya gaje shi, Gwamna Arthur Richards ya ba shi sanda. Yana da shekara talatin da tara, shekarun da ɗan wasa ke fara jin gwiwa da baya. Kowa zai ɗauka an gama ke nan: sarki ai tafiyar ƙasaita yake yi, ga lema, ga zagage, ga algaita, ba ya sukuwa a gaban talakawansa balle a ture shi ya faɗi. Nagogo bai ajiye sandar gora don ya karɓi ta mulki ba. Ya ci gaba da shiga fili yana sarki, har Turawan da ke rubutu a kan Arewa a wancan zamani suka fi saninsa da sarkin nan mai buga polo.

Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare ya je Indiya da Burma duba sojojinmu da ke yaƙi da Japan a can. A Kafanchan mun taso mun tarar da tsofaffin wannan yaƙin, 'yan Kagoro da Kataf da Kaje da Hausawa, masu lambobi a aljihu da tari a ƙirji, kuma a bakinsu na fara jin cewa wani sarkin Arewa ya bi su har can. Wani abin sha'awa, polon zamani daga wannan yankin ya fito. Asalinsa tsoho ne, tun daga Farisa, amma a Manipur, kan iyakar Indiya da Burma, hafsoshin Ingila suka gan shi wajen tsakiyar ƙarni na 19, suka yi masa dokoki, suka yaɗa shi. Wasan ya zagayo ta Landan ya sauka Katsina, ga Bakatsine ya koma kusa da mafarinsa cikin kakin ziyara.

Mu na Ikko ma muna da rabo a tarihinsa. A 1952, da aka kafa majalisar ministoci ta farko a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, Arewa ta turo mutum huɗu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Muhammadu Ribaɗu, Shettima Kashim, da Sarkin Katsina a matsayin minista marar ma'aikata. Takwaransa daga Yamma shi ne Ooni na Ife, Adesoji Aderemi. Wato ya san hanyar nan da muke bi, ya san zafin Ikko da cunkosonta, ya kuma koma gida. Daga baya Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce yaranmu su san shi. Yau polo a ƙasar nan na masu kamfani ne. Attajiri zai kafa ƙungiya da sunan kasuwancinsa, ya hayo ƙwararru biyu daga Ajantina na mako biyu, a ci kofi, a ɗauki hoto, baɗi ka ga ƙwararrun nan sanye da rigar abokin hamayya. Ban ga laifinsu ba, sana'a ce. Haka ƙwallon ƙafa ta zama, shi ya sa masu kallonta ke jinjina wa irin su Paolo Maldini da ya yi shekara ashirin da huɗu a Milan bai motsa ba. A Amurka ma, masu wasan besbol har gobe suna tuna Lou Gehrig, wanda ya buga wa New York Yankees daga 1923 zuwa 1939, wasa 2,130 a jere bai yi fashi ba, sai da cuta ta kayar da shi. A daidai waɗannan shekarun Nagogo ke tashensa. Shi ma gari ɗaya ya sani. Katsina ya fara bugawa, da sunan Katsina aka san shi a Kaduna, a Katsina ya tsufa. Mai maki bakwai a ƙasar da ba ta da na biyunsa, duk ƙungiyar da ya shiga ta gama cin rabin wasa, amma ƙarfinsa a gida ya zuba shi.

Na san abin da wani zai ce, don ɗan ƙanwata ma ya faɗa mini shi a fuska, cikin ladabi: wai ina ɗan sarki zai je, fili na ubansa, dawaki na ubansa, ai riƙon amana ba wuya ga mai gida. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma yi masa musu a kanta ba. Sai dai ni ba rashin tafiyar nake aunawa ba. Abin da nake aunawa shi ne ɗawainiyar da ya ɗauka ta shekara kusan sittin. Wanda ya taɓa riƙe doki ɗaya ya san abin da nake faɗa: ci kullum, kilisa kullum, kofato, magani, sirdi da majayi, ga mai kula da shi da iyalinsa. To a ce barga guda, shekara da shekaru, ba riba ake ci ba. Sarakuna da yawa sun ga wasan a hannun Turawa, sun yi sha'awa, wasu sun taɓa sun bari. A Katsina ne ya yi saiwa a gidan sarauta har ya zama gado. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi, ɗan polo ne. Ɗansa Hassan, Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, shi ma ɗan polo ne har ƙarshen rayuwarsa a 1995, kuma shi ya ci gaba da jan ragamar wasan a ƙasa bayan mahaifinsa ya daɗe yana shugabantar ƙungiyarsa. Da Turawa suka naɗe kayansu a 1960, wasanni da yawa nasu sun bi su. Polo bai bi su ba, don akwai gidan da ya riga ya mai da shi nasa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mutumin waliyyi ne ba, ko zamaninsa aljanna. Shugaban 'yan doka ne kafin ya zama sarki, kuma En'e ba wasa take yi da talaka ba. Harajin da manomi ya biya yana cikin abin da ya riƙe fada, fada kuwa ita ta riƙe barga. Wanda ubansa ɗan NEPU ne a shekarun 1950, a ko'ina cikin Arewa, yana da labarin da zai ba ka a kan sarakuna da alƙalansu, kuma ba labarin kofi ba ne. Mu 'yan kudancin Kaduna, Hausawanmu da waɗanda ba Hausawa ba, mun san nauyin wannan tarihin fiye da kowa, don har yau muna biyan bashinsa. Duk wannan yana nan. Amma bai goge cewa mutumin ya iya abin da ya iya ba, kuma ya tsaya a kansa.

Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne rabinta na biyu. Ya hau gado sarki yana da kotu, da 'yan doka, da gidan yari, da baitulmali. Yana zaune aka yi 'yanci, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1966, aka ɗora ɗansa na cikinsa a kujerar Kaduna, aka rarraba Arewa jiha-jiha, aka yi yaƙin basasa. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kwashe abin da ya rage. A 1979 jiharsa ta faɗa hannun Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar magadan NEPU. Ɗaya bayan ɗaya aka zare masa abubuwan da ya gada. Filin nan da mahaifinsa ya share ne ba wanda ya karɓa, kuma da ƙarfi ya ƙare, hawa ya gagara, bai daina zuwa bakinsa ba. Tsohon da ya taɓa tsere wa kowa ya koma zama a rumfa, 'ya'ya da jikoki na bugawa da sunan garin. Duk wanda ya taɓa iya wani abu da jikinsa, ɗan dambe ne ko direban tirela ko mahauci, ya san zaman nan ba shi da daɗi. Da yawa gudun wurin suke yi gaba ɗaya don kada su ga wani yana yin abin da su ba sa iyawa.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba 18 ga Maris, 1981, bayan shekara talatin da bakwai a kan gado. Ina tuna ranar don mahaifina ya dawo daga tasha da rediyonsa a hannu, bai kashe ta ba har ya shigo zaure, abin da ba ya yi. Kabir ya hau, ya yi mulki har 2008, yanzu jikansa Abdulmumini Kabir Usman ke kai. Akwai kwalejin Larabci da addinin Musulunci mai sunansa a Katsina, kuma har yanzu duk shekara ana taruwa a garin a buga gasar polo, kamar yadda ake yi a Kaduna da Kano da Jos, da Ikoyi a nan Ikko, da Eleyele a Ibadan, da Fatakwal. In ka shiga bayan bargar kowane ɗaya daga cikinsu, Hausa za ka ji ana yi.

Jirgi ya daina jawo dawaki ta Kafanchan tun tuni, tashar ma sai ciyawa da tsofaffin taragu. Yanzu a tirela ake loda su, yara su zauna a tsakaninsu kwana biyu a hanya, suna ba su ruwa a bokiti. Ɗan ƙanwata ya ce mini maigidansa na shirin kai dawaki gasar Katsina, kuma yana cikin masu rakiya, zuwansa na farko ke nan. Na ce masa in ya sauke kaya ya huta, ya nemi tsofaffin da ke zama bakin barga a can, ya gaishe su da kyau, ya tambaye su yadda Sarki Usman ke zama a kan sirdi. Ya yi alkawarin zai ɗauko mini muryarsu a waya.

Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo, ya gafarta masa, ya kai yaranmu lafiya ya dawo da su lafiya.